Johanasbag, Pilgrim's Rest ko Betare-Oya: Ina Za Ka Kai Yaro Ya Ga Ramin Zinariya?

Bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gidan Yayana a unguwar Yelwa, nan Garwa a arewacin Kamaru, ya kawo maganar. Yana da tafiya Afirka ta Kudu kan harkar kayan gyaran manyan motoci, cikin dogon hutun makaranta. Kwana shida zai yi, uku na ciniki, uku nasa. Yana so ya tafi da ɗansa na fari mai shekara 16, wanda tun ranar da abokinsa ya dawo daga Betare-Oya, garin haƙar zinariya a Gabashin Kamaru, da sabon babur da waya mai tsada, karatu ya fita daga ransa. Ko abinci yake ci, zancen zinariya ne a bakinsa.

Ya ce, "Kai da ka taɓa zuwa can, ina zan kai shi ya ga ramin nan da idonsa? Ko kuwa in bar kuɗin jirginsa a aljihu, mu hau mota mu gangara Gabas, ya ga na gida?"

Na ce, "Yaya, wurare uku ne a gabanka, kuma ba abu ɗaya suke nuna wa mutum ba."

Abin da na faɗa masa a daren nan shi ne na tattara a nan, don na san ba gidanmu kaɗai ne ke da yaron da zazzaɓin zinariya ya kama ba.

Na farko shi ne Gold Reef City, a kudancin birnin Johanasbag. Garin kansa zinariya ce ta haife shi. A 1886 aka ci karo da jijiyarta a gonar Langlaagte, kafin shekara ta ƙare an kafa gari, shi ya sa Zulu ke ce masa eGoli, wato wurin zinariya. Daga wannan jerin tudun da ake kira Witwatersrand an fitar da fiye da tan dubu 40, kuma a 1970 kaɗai ƙasar ta haƙo wajen tan dubu ɗaya. Gold Reef City an gina shi ne a kan bakin rami na 14 na tsohon kamfanin Crown Mines, ramin da zurfinsa ya haura kilomita uku kafin a daina aiki a cikinsa. Yau an kewaye shi da filin wasanni: lilo, majaujawa, jiragen da ke juya mutum a sama har sai hanjinsa ya kaɗa, da jerin gine-gine da aka yi su da siffar Johanasbag ta zamanin farko.

Kada hayaniyar ta ruɗe ka, abin da ka zo gani yana ƙasa. Za a ba ka hular kwano da fitila, a shigar da ku keji irin wanda ma'aikata ke shiga, a rufe ƙofar ƙarfe, ku sauka kimanin mita 75. Da ana kai baƙi ƙasa da haka, fiye da mita 200. Amma bayan da aka daina zuƙe ruwa daga tsoffin ramukan yankin a 2008, gurɓataccen ruwa mai tsami ya riƙa hawa sannu a hankali, dole aka ɗaga wurin ziyarar sama. Mita 75 a baki ba komai ba ne. Sai ƙofar kejin ta buɗe, iskar da ke ƙasa ta bugi fuskarka da warin jiƙaƙƙen dutse, sannan ka san ka bar duniya a sama. Ni dai inda jikina ya yi sanyi shi ne lokacin da jagora ya sa muka kashe fitilu gaba ɗaya. Duhun daren Garwa idan an ɗauke wuta wasa ne, don ko ba komai akwai taurari. Can kuwa ka ɗora tafinka a kan hancinka ba za ka gan shi ba.

Jagoran zai nuna maka jijiyar kanta a jikin bango, wani siririn layi na tsakuwa da ta manne da juna. Ba ƙyalli, ba komai. A nan yaro zai fara gane lissafin: sai an fasa tan guda na dutse da nakiya, an ɗauko shi sama, an niƙe shi ya zama gari, an jiƙa shi da guba mai suna sayanaid, kafin a sami 'yan giram da sau da yawa ba su kai goma ba. Tulin ƙasa rawaya da za ka gani kamar duwatsu a gefen hanyoyin birnin, dusar wannan niƙan ce ta fiye da shekara ɗari. Za a kuma nuna maka injin huda dutse da wuraren da mutum ba ya iya miƙewa tsaye, sai dai ya yi aiki a tsugune ko a kwance, awa bayan awa. Idan aka ce maka ramin Mponeng da ke yammacin birnin ya kai wajen kilomita huɗu, kuma zafin dutse a ƙasansa na kusan maki 60 har sai an tura ƙanƙara ana sanyaya iska, to wanda ya tsaya a mita 75 ya fi wanda ya ji a rediyo fahimta.

Da kun fito sama akwai ɗakin da ake narkar da zinariya a gaban jama'a, a zuba ta cikin mazubi tana ja kamar garwashi. Sanda irin wadda bankuna ke ajiyewa nauyinta wajen kilo 12 da rabi. Na yi wa Yaya lissafi irin na malamai: nisabin zakka miskali 20 ne, wato giram 85, don haka sanda ɗaya ta ɗauke nisabin mutum fiye da 140. Ya yi dariya ya ce wannan ɗakin kada a shiga da yaron. Na ce a'a, a shiga da shi, amma bayan ya sauka ƙasa, ba kafin ba.

Akwai abin da filin wasan ba ya son daɗewa a kansa, shi ne su wane ne suka yi wannan aikin. Baƙaƙen fata ne da aka riƙa kwasowa daga Mozambik, Malawi, Lesoto da ƙauyukan ƙasar, a tara su a barikoki ba mata ba 'ya'ya, a biya su abin da bai taka kara ya karya ba. Har Sinawa sama da dubu 60 aka kawo daga 1904. A 1946 ma'aikata baƙaƙe suka yi babban yajin aiki, aka murƙushe shi da ƙarfin bindiga. Ƙurar dutse ta cinye huhun dubbai, sai a 2019 kotu ta amince da yarjejeniyar diyya ta randi (kuɗin ƙasar) biliyan biyar ga masu wannan ciwon huhu da masu tarin fuka. Sa'ar da aka yi, gidan tarihin wariyar launin fata da aka buɗe a 2001 yana nan maƙwabtaka da filin, ƙafa ma ta isa. Wanda ya shiga rami da safe ya shiga wannan gida da rana, ya ga labarin daga tushe har reshe. Wanda ya tsallake shi, lilo kawai ya je hawa.

Ga musulmi, Johanasbag ba ta da wuyar zama. Unguwannin Fordsburg da Mayfair ba su da nisa da wurin, cike suke da masallatai da gidajen abincin halal na Indiyawa, Pakistanawa da Somaliyawa. Abin da ba na so, kuma na faɗa wa Yaya ƙarara, shi ne katafaren gidan caca da ke haɗe da sunan wurin. Ƙofarsa daban ce, ba wanda zai tilasta maka shiga, amma ka san da shi. Sannan ba kowace rana ake buɗe filin ba, kuma saukar ƙasa tana da lokutanta da iyakar shekarun yara, wani lokacin ma a dakatar da ita. Ka tabbatar kafin ka ɗauki tasi. Tsaro kuwa, irin na kowane babban birni ne da ƙari: ba a yawo da waya a hannu, ba a tafiyar ƙafa bayan magariba a inda ba ka sani ba.

Na biyu, Pilgrim's Rest, wani abu ne daban. Ƙauye ne a cikin kwari tsakanin tsaunukan lardin Mpumalanga, wajen kilomita 350 gabas da Johanasbag, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota. Ya girmi Johanasbag a harkar. A 1873 wani Bature mai suna Alec Patterson, wanda ake wa laƙabi da mai baro saboda a baro yake tura kayansa, ya sami zinariya a cikin rafi. Ya so ya yi shiru, amma zancen zinariya ba ya kwana a ciki. Kafin a ce kwabo, kwarin ya cika da tantuna. Ramin ƙarshe na wancan zamani an rufe shi a 1972, kuma a 1986 aka ayyana garin gaba ɗayansa a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Shi ya sa har yau gidajensa na katako da kwano suke nan a jere a titi guda, da tsohon otal ɗin Royal, da gidan Alanglade da aka gina wa manajan kamfani a 1915, da kayan ɗakinsa yadda suke.

Mutumin da ya san Gabashin Kamaru, da ya ga wurin da ake nuna wanki a Pilgrim's Rest zai ji kamar an ɗauki hoton gida. Kasko ne, da ruwa, da yashi, da juya hannu har mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Za a ba ka kaskon ka gwada. Suna ma yin gasar wankin zinariya, ta duniya ma an yi ta a can a 2005. A maƙabartar garin akwai kabari ɗaya da ya saɓa wa sauran kwanciya, an rubuta masa kabarin ɓarawo. Labarin da ake bayarwa shi ne an kama mutumin yana sata a tantin mahaƙa, aka kore shi, ya dawo, aka harbe shi.

Darasin da ya fi ƙarfi a wannan ƙauye, a ganina, shi ne yadda zamanin mai kasko ya yi gajarta. Zinariyar da ke saman rafi ta ƙare cikin 'yan shekaru, sauran tana cikin dutse, dutse kuwa sai mai jari. Kafin 1900 babban kamfani, Transvaal Gold Mining Estates, ya haɗiye filayen, waɗanda suka zo da baro da buri suka koma 'yan ƙwadago ko suka ƙara gaba. Duk wanda ya ga yadda manyan injinan tona suka shiga kwarin kogin Lom wajen Betare-Oya, suka bar 'yan gari suna tsince a bayan tulin ƙasa, ya san wannan labari ba na Turawan da ba ne kaɗai.

Amma kada in yi wa wurin kwalliyar da ba shi da ita. Garin ya tsufa, wasu shaguna a rufe, hanyar zuwa akwai ramuka da kwane-kwane a kan dutse, ga hazo mai rufe ido. Motar haya kai tsaye ba ta samuwa cikin sauƙi, sai ka ɗauki mota da direba, ko ka tuƙa da kanka a hannun hagu, abin da ɗan Garwa bai saba ba. Abincin halal sai ka yi guzuri daga birni, salla kuma ka shimfiɗa dardumarka inda ka samu. Tsoffin ramukan da ke kewaye kuwa, masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba da ake kira zama-zama sun shiga wasunsu, ba wurin leƙe ba ne. Su ne irin waɗanda aka fito da gawarwakin fiye da 70 daga cikinsu a wani tsohon rami a Stilfontein a Janairun 2025. Ladan wahalar hanyar shi ne kewayen: garin Graskop na kusa, daga nan sai kwazazzabon kogin Blyde, da wurin da suke kira tagar Allah, inda ƙasa ke yankewa a gabanka ka hango daji har iya ganinka. Wanda ke son hutun ido da iska mai sanyi, ko zai tafi da uwargida, nan ya fi masa Johanasbag nesa ba kusa ba. Sai dai kwana biyu zai ci, ba a yi masa zuwa da dawowa a yini.

Kuma ga matsalar Yaya, ina da tsoro ɗaya. Wankin da ake nunawa a can daɗi gare shi. Ruwa mai tsabta, rana mai laushi, ba bashi a wuyanka, ba yunwa. Yaro ya juya kasko ya ga ɗigon rawaya a ƙasa, to ka ƙara wa wuta mai.

Na uku shi ne na gida. Tun shekarun 1930, zamanin Faransawa, ake haƙar zinariya a Betare-Oya da Kambele kusa da Baturi, don haka ta fuskar shekaru su ma tarihi ne. Hanya sananniya ce: Garwa zuwa Ngaundere, Meiganga, Garwa-Bulai, ka ratse a Ndokayo ka shiga Betare-Oya. Baturi kuwa sai ka kai Bertuwa ka yi gabas. Ba fasfo, ba biza, kuɗin mota da na masauki ne kawai, kuma duk inda ka sauka za ka ji Hausa da Fulatanci a kasuwa, don 'yan uwanmu na can suna fawa, suna tireda, suna sayen zinariya da ƙaramin ma'auni, inda tsinken ashana goma ke tsayawa a giram ɗaya. Ta fuskar kuɗi babu ma gwadi, abin da za ka kashe a nan bai kai rabin tikitin jirgin mutum ɗaya ba.

Sai dai wannan ba wurin yawon buɗe ido ba ne, wurin neman abinci ne. Ba tikiti, ba jagora, ba hular kwano, ba shinge a bakin rami. Baƙon da ya zo yana kallo yana ɗaukar hoto, ba a san ko ɗan leƙen hukuma ba ne ko mai neman fili, kuma ba a yi laifi ba idan aka yi masa kallon haka. Dole sai da mai masauki da aka sani, a gaida sarkin gari, a sanar da jandarma idan za a shiga daji. Tun da aka buɗe ƙofa ga kamfanoni masu injina, yawancinsu na Sinawa, da sunan kwashe zinariyar kwarin Lom kafin ruwan madatsar Lom Pangar ya rufe ta, yankin ya cika da manyan ramuka da aka bari a buɗe. Damina ta cika su da ruwa, gefensu ya rufta, suna cin mutane da shanu. Hutun makaranta kuwa cikin damina yake faɗowa. Ga zaiba da ake murza garin dutse da ita da hannu, a ƙona ta a fili, hayaƙin ya shiga ƙirjin mai ƙonawa da na yaron da ke tsaye yana kallo.

Duk wannan ma ba shi ne babban dalilin da ya sa na hana Yaya ba. Ramin da ke aiki yana yi wa kansa talla. Wanda ya dace shi ne za ka gani a bakin titi, a kan sabon babur, yana sayen nama da kiɗa a bayansa. Wanda ya shekara yana tona da bashin uban gida a kansa, yana ƙasa ba ka ganinsa, ko ya sulale gida da dare da ciwon ƙirji. Yaro mai shekara 16 babur zai ƙirga, ba kaburbura ba. In dai za a kai shi, sai da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma a haɗa shi da dattijon da ya tsufa a harkar, wanda zai buɗe masa littafin bashi ya ga yadda ake raba abin da aka samu tsakanin mai fili, mai injin niƙa, mai ciyarwa da mai tona.

'Yan uwanmu na Njamena da suka ji wannan magana sun tambaye ni ko a kai yaro Kuri Bugudi, wurin haƙar zinariya a arewacin Chadi. Amsar gajeriya ce: a'a. Can ƙurya ce a Tibesti kusa da iyakar Libiya, kuma a Mayun 2022 faɗa tsakanin mahaƙa ya ci rai wajen ɗari bisa ƙidayar gwamnati. Ko wuraren wanki na Mayo-Kebbi wajen Pala, da namu na Mayo-Rey, hukuncinsu ɗaya da na Betare-Oya.

To wanne? Idan ba ka da wata tafiya Afirka ta Kudu, ba zan ce ka sayi tikiti ta Adis Ababa ko Nairobi ko Kigali don awa ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ba. Kuɗin shiga wuraren nan ba shi ne nauyi ba, randi ɗaya wajen sefa talatin ne da 'yan kai, yana hawa yana sauka. Jirgi da biza da otal su ne ke cinye jaka. Amma wanda ƙafarsa ta riga ta kai Johanasbag, kamar Yaya, kuma kwana uku gare shi da yaro mai zafin kai, Gold Reef City zan zaɓa masa ba tare da jinkiri ba: a isa da sassafe, a fara da rami, sai ɗakin narkarwa, sai gidan tarihin wariya bayan azahar, lilo kuma a bar shi ƙarshe in lokaci ya rage. Bayanin da Turanci ake yi, sai yaron ya zama tafintan babansa, ya ga ranar Turancin da yake gudu a aji. Pilgrim's Rest na bar shi ga mai kwana biyar da mota a hannu, da malamin tarihi, da wanda ya riga ya san Gabas yana son ganin yadda garin zinariya ke zama bayan zinariya ta tafi.

Na ƙara masa da cewa Yuni da Yuli can tsakiyar hunturu ne, birnin yana kan tudu mai tsawon mita 1,750, da asuba sanyi na kusan daskarar da ruwa. Mutumin da jikinsa ya saba da zafin bakin Binuwai, ya shiga gwanjo ya nemi riga mai kauri tun daga nan, da takalmi rufaffe, don ba a sauka rami da silifa. Katin rigakafin shawara ya zama a cikin fasfo. Biza kuma a Yawunde ake nema, a fara da wuri, a tanadi takardar haihuwar yaron da takardar amincewar mahaifiyarsa tunda da uba kaɗai zai yi tafiya.

Yaron, wanda ashe duk yana bayan ƙyaure yana saurare, ya leƙo ya ce, "Baffa, in an narkar da ita ana ba mutum ya taɓa?"

Yaya bai kula shi ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Ka ce sai da sa hannun uwarsa?"

Na ce, "Sai da shi."

Ya yi shiru yana kallon ƙofar cikin gida. Can ya ce, "Ita ko Ngaundere ba ta son ya je. Gobe ka zo da wuri, kai za ka fara yi mata bayani."